Lasisin Masu Haɗa Ƙafar Roba a Amurka: Garkuwar Majiyyaci Ne Ko Shingen 'Yan Sana'a?

Wanda bai taɓa zama kusa da mai haɗa ƙafar roba yana aiki ba zai ɗauka abin kamar sayen takalmi ne: a auna tsawo, a duba lamba, a biya kuɗi, a kama hanya. Abin ya wuce nan. Mutumin da aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa zai zauna a kan benci ya miƙo dungun. Mai sana'ar zai durƙusa gabansa, ya bi dungun da yatsunsa a hankali, yana laluben inda ƙashi ya turo da inda tsoka ta kwanta, yana yi wa kowane wuri alama da fensir. Sannan ya jiƙa bandejin filasta, irin wanda muke ce wa siminti idan an yi karaya, ya naɗe dungun da shi, ya danna manyan yatsunsa ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ya riƙe har ya bushe. Daga wannan zubin zai fitar da kwanson da dungun zai riƙa shiga. Inda ƙashi yake ya sassauta, inda tsoka take ya matse, domin nauyin mutum gaba ɗaya a kan wannan ɗan wuri zai riƙa sauka, taku dubbai a kowace rana.

Kuskure kaɗan ya isa ya ɓata komai. Kwanso ya riƙa gogar wuri ɗaya, fata ta yi ja, ta tashi, ta fashe. Mai lafiyar jijiya zai ji zafi tun da wuri, ya cire ƙafar ya koma a gyara masa. Mai ciwon suga kuwa, wanda jijiyoyinsa suka daina kai saƙo, sai ya wuni yana takawa a kan rauni bai sani ba, sai dare ya yi ya cire safa ya ga jini. Raunin ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa saboda jini ba ya gudu sosai a wurin, daga nan likita ya ce sai an ƙara yankewa, wannan karon sama da gwiwa. Haka abin yake ga takalmin ƙarfe da ake yi wa yaron da shan-inna ta taɓa, da rigar roba mai tauri da ake ɗaura wa yarinyar da ƙashin bayanta ya karkace. In an yi su daidai su tallafi gaɓa, in an yi su ba daidai ba su ƙara mata lahani.

To wa ya cancanci a bar shi ya taɓa wannan dungun? Wa zai tantance shi, kuma nawa zai biya kafin a ba shi izini? A kan wannan aka shafe fiye da shekara talatin ana kai ruwa rana a majalisun dokokin jihohin Amurka, kuma har yau bakin bai zo ɗaya ba.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka galibi jihohi ne ke ba da lasisin sana'a, ba gwamnatin tarayya ba. Likita da nas da lauya kowa jiharsa ce ke ba shi izinin aiki. A wannan sana'a ta haɗa gaɓoɓin roba da kayan tallafe gaɓa, jihar New Jersey ta yi dokar lasisi a 1991. Florida da Texas da Washington suka bi baya a 1997, daga bisani irin su Illinois da Ohio da Georgia da Pennsylvania da Minnesota suka shigo sahu. Duk da haka jihohin da ke da irin wannan doka ba su kai 20 ba cikin 50, kuma manya irin California da New York ba sa ciki.

Akwai bambanci tsakanin lasisi da takardar shaidar ƙwarewa, kuma a kansa rabin muhawarar ya rataya. Tun 1948 'yan sana'ar suka kafa wata hukuma mai zaman kanta da ake kira ABC a taƙaice, wadda ke jarraba mutum ta ba shi shaida. A yau mai neman shaidarta sai ya yi digiri na biyu a wannan fanni, ya yi zaman koyon aiki na shekara guda a ƙarƙashin gwani ga kowane reshe na sana'ar, ko wata 18 idan ya haɗa rassan biyu, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta aiki da hannu. Asibitoci da kamfanonin inshora sukan nemi wannan takarda kafin su yi hulɗa da mutum. Amma ABC ba gwamnati ba ce. Iyakar ƙarfinta ta janye takardarta. Lasisin jiha kuwa doka ce: wanda ba shi da shi, in ya yi aikin ya aikata laifi.

Masu buƙatar aikin suna da yawa. Wani bincike da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa a 2005 Amurkawa miliyan 1.6 ne ke rayuwa babu wata gaɓa, kuma adadin zai kai miliyan 3.6 nan da 2050. Fiye da rabinsu cutar toshewar hanyoyin jini ce ta jawo musu, ciki har da wadda ciwon suga ke haddasawa. Masu sana'ar kuwa a duk faɗin ƙasar kimanin dubu goma ne kawai. A riƙe wannan ƙarancin nasu a zuciya, domin zai dawo idan aka zo maganar kuɗi.

Abin da masu goyon baya suke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce halin da majiyyaci yake ciki. Wanda aka yanke wa ƙafa watanni biyu da suka wuce bai taɓa sayen ƙafa ba a rayuwarsa. Yana cikin jimami, bai san irin zafin da ake jurewa har a saba da irin wanda ke nuna ɓarna ba. Idan aka ce masa ya yi haƙuri zai saba, sai ya yi haƙurin. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ruwa ya sauko yake sani, kuma a nan saukar ruwan na iya zama asarar gwiwa. A kasuwar da mai saye ba zai iya bambance gwani da ɗan-koyo ba sai bayan ya cutu, in ji su, tilas wani ya tsaya a ƙofa ya tantance tun kafin a shiga.

Ta biyu ita ce hukunci. A jihar da ba ta da lasisi, idan ABC ta janye shaidarta daga hannun wanda ya yi sakaci, babu dokar jiha da ta hana shi buɗe shagonsa washegari. Majiyyacin da aka cuta sai dai ya nemi lauya ya shiga kotu, hanyar da ke cin shekaru da dukiya. A jihar da ke da lasisi kuwa akwai ofishin da zai kai kuka ba tare da ya biya ko sisi ba, a aiko mai bincike, a duba takardu, in laifi ya tabbata a dakatar da mutum ko a rufe masa ƙofar sana'ar.

Ta uku, sana'ar ta sauya. A 1997 kamfanin Ottobock na Jamus ya fito da gwiwar C-Leg, mai ƙaramar kwamfuta a ciki da ke lura da takun mutum tana daidaita taurin gwiwar. Akwai hannuwan roba da ke motsi da saƙon da tsoka ke aikawa. Irin waɗannan kayan kuɗinsu yakan kai dubban daloli masu yawa, kuma idan aka lalata aikin, inshora ba ta saurin biyan wani. Ga shi kuma a duk jihohi 50 mai aski sai da lasisi yake aski. Masu goyon baya suna tambaya: ta yaya jiha za ta tantance wanda zai taɓa gashin da zai sake tsirowa, ta ƙyale wanda zai taɓa ƙafar da ba ta tsirowa?

Ta huɗu, sun ce jiran tarayya ba ya kai mutum ko'ina. A shekarar 2000 majalisar dokokin tarayya ta yi doka cewa shirin Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi da naƙasassu, kada ya biya kuɗin gaɓar roba ko abin tallafi da aka ƙera wa mutum na musamman sai idan ƙwararre ne ya yi. Sai a Janairun 2017 hukumar shirin ta fito da daftarin ƙa'idar aiwatar da dokar, kuma a Oktoban wannan shekarar ta janye shi. Bayan haka, a Afrilun 2019, ma'aikatar shari'a ta gurfanar da mutum 24 kan wata damfara ta fiye da dala biliyan 1.2, inda ake kiran tsofaffi ta waya ana aika musu da abin ɗaure baya da gwiwa da wuyan hannu da ba su buƙata, ana karɓar kuɗin daga Medicare. Inda kuɗi suke da yawa kuma tsaro ya yi sako-sako, in ji su, ɓarayi za su taru.

Abin da masu adawa suke cewa

Masu adawa ba su musanta cewa aikin yana da haɗari ba. Tambayarsu ita ce me lasisin ya ƙara. A yawancin jihohin da ke da dokar, sharuɗɗan lasisin su ne dai na ABC: karatu iri ɗaya, zaman koyon aiki iri ɗaya, sau da yawa ma jarrabawar ABC ɗin ce jihar ke karɓa. Mutum ya gama duk wannan, sai jiha ta ce ya kawo takardun ta duba, ta buga hatimi, ya biya. A ganinsu wannan haraji biyu ne a kan kaya ɗaya.

Sannan suna cewa a duba wanda ke zuwa majalisa neman dokar. Galibi ƙungiyoyin 'yan sana'ar ne, da lauyoyinsu da masu kama musu ƙafa. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ja hankali ga wannan tun 1962: masu sana'a ne ke neman a kafa shingen, domin duk wanda aka hana shiga ya rage musu abokin gasa. A 2015 fadar shugaban Amurka ta fitar da rahoto da ya nuna cewa a farkon shekarun 1950 ma'aikatan da ke buƙatar lasisin jiha ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zuwa lokacin rahoton sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma rahoton ya yi gargaɗin cewa yawan lasisi na ƙara tsadar aiki, yana kuma hana mutane ƙaura daga jiha zuwa jiha. A 2015 ɗin ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan hukumar likitocin haƙori ta North Carolina, wadda shida cikin mambobinta takwas likitocin haƙori ne masu cin abinci da sana'ar, kuma ta riƙa aika wasiƙun kora ga masu farar da haƙori a kan farashi mai sauƙi. Kotun ta ce hukumar da 'yan kasuwar da kansu ke jan ragamarta ba za ta fake da rigar gwamnati ba, sai idan jiha na sa mata ido da gaske. Masu adawa suna cewa a ƙaramar sana'a da kowa ya san kowa, wannan haɗarin ya fi girma: wanda zai duba takardar mai neman shiga yana iya zama mai shagon da ke tsallaken titi.

Damfarar 2019 ma sun juya ta ta zama hujjarsu. Waɗanda suka sa hannu a takardun ƙaryar, ba tare da sun ga majiyyatan ido da ido ba, likitoci ne masu lasisi. Ke nan takarda a bango ba ta hana mai son zuciya cuta. Abin da ya kama su shi ne bincike da bin sawun kuɗi.

Sai maganar nisa. Mutumin karkara a jiha mai faɗi irin Texas yana iya tafiyar sa'o'i kafin ya isa wurin mai gyara masa ƙafa, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. A watannin farko dungu yana ta ramewa, kwanso ya yi masa yawa, a ƙara safa, a sake zubi, a daidaita taku. Idan ƙwararren da ya fi kusa yana tsallaken iyaka, a wata jiha, ba zai iya zuwa ya buɗe wurin duba marasa lafiya ko na rana ɗaya a mako ba sai ya nemi lasisi na biyu. Shingen da aka kafa don kare majiyyaci sai ya raba shi da mai taimakonsa.

Daga ƙarshe suna tuna wa mutane asalin sana'ar. James Hanger yana ɗan shekara 18 lokacin da harsashin igwa ya ɗauke masa ƙafa a yaƙin Philippi, a Yunin 1861, farkon yaƙin basasar Amurka. Aka ba shi gungumen katako marar lanƙwasa ya koma gida Virginia. Ya kulle kansa a ɗakin sama wata uku, 'yan gida suna zaton baƙin ciki ne ya hana shi fitowa, yana ta neman a kawo masa katakon ganga da ƙarafa. Ran nan sai ga shi ya sauko matakala da ƙafar da ya sassaƙa da kansa, mai lanƙwasa a gwiwa da idon sawu. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau da sunansa. A Indiya ma, ƙafar Jaipur ta 1968, wadda ke barin mutum ya tsuguna, ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, ya shiga gona ba takalmi, hannun wani masassaƙi ne mai suna Ram Chandra Sharma ya fitar da ita. Da dokar digiri na biyu ta riski waɗannan mutanen, in ji masu adawa, da ba a ji sunansu ba.

Maganar kuɗi

A nan muhawarar ta fi zafi a tsakanin 'yan sana'ar da kansu, har da waɗanda suka yarda da lasisin. A jihohi da yawa ƙa'ida ita ce hukumar lasisi ta riƙe kanta da kuɗin da take karɓa daga masu lasisin. Albashin ma'aikata da haya da lauya da mai bincike duk daga nan suke fitowa. Nas-nas a Amurka sun haura miliyan uku, don haka idan aka raba musu nauyin hukumominsu kowa ɗan kaɗan zai ɗauka. Masu haɗa gaɓa kuwa, dubu goman nan idan aka watsa su a jihohi 50, jiha tana iya samun 'yan ɗaruruwa kawai. A ce tafiyar da ƙaramar hukuma na cin dala dubu 100 a shekara, masu lasisi kuma 200 ne: kowa dala 500 ta hau kansa. A ce su dubu 20 ne, dala 5 ce. Aikin ofis ɗaya ne, bambancin yawan kafaɗun da suka ɗauka ne. Shari'a guda mai tsawo a kan mutum ɗaya tana iya tayar da kuɗin kowa a shekara mai zuwa.

Kuma ba kuɗi ɗaya ba ne. Akwai na neman lasisi, da na sabuntawa duk shekara ko shekara biyu, da na kwasa-kwasan ƙarin ilimi da ake wajabtawa, da na ABC da ake biya duk shekara, a wasu jihohin har da na rajistar shagon kansa. Mai aiki a jihohi biyu ya biya sau biyu. Babban kamfani mai ɗaruruwan rassa ba zai ji wannan a jikinsa ba. Wanda zai ji shi ne matashin da ya fito makaranta da bashin karatu a wuyansa, da mai ƙaramin shago a garin da ba kowa ke son zama ba. Ba zai iya ɗora kuɗin a kan farashi ba, domin Medicare na da jadawalin abin da yake biya, kamfanonin inshora ma haka. Sai dai ya rage wani abu, kuma abin da aka fi saurin ragewa shi ne tafiyar nan ta zuwa ƙauye duba mutum biyar.

Masu kare kuɗin suna da amsa mai nauyi. 'Yan ɗaruruwan daloli a shekara, in ji su, ba su kai komai ba idan aka gwada da farashin ƙafa guda. Kuma araha ba ta ado: hukumar da ba ta da kuɗin ɗaukar mai bincike suna ce kawai, sai ta zama mai karɓa da buga hatimi, wato ainihin abin da masu adawa ke zargi.

Wasu jihohin sun nemi mafita ta haɗa kai. Texas ta yi doka a 2015 da ta ɗauke wannan lasisin daga ƙaramar hukumarsa ta miƙa shi ga babbar ma'aikatar lasisi ta jihar, aikin ya koma can a 2016. Ohio ta narkar da tata hukumar a farkon 2018 cikin ta masu gashin ƙashi da takwarorinsu. Birtaniya ta daɗe a kan wannan hanya: hukuma ɗaya, HCPC, ke rajistar sana'o'in lafiya 15 a duk ƙasar, masu rajista sama da dubu 300, kuma mai haɗa gaɓa kuɗin da kowa ke biya shi yake biya, ƙarancinsu bai zame musu tara ba.

Inda na tsaya

Na auna ɓangarorin biyu, kuma ina tare da lasisi ga duk wanda zai ƙera gaɓa ko abin tallafi a kan jikin wani. Abin da ya rinjaye ni shi ne mutumin nan mai ciwon suga da ba ya jin raunin da ke cin dungunsa. Kasuwa tana gyara kanta idan mai saye zai iya gane an cuce shi ya koma wani shago. Wannan mutumin kafin ya gane, abin da zai koma da shi ya ragu. Labarin Hanger ma, da aka duba shi da kyau, bai rushe wannan ba. A kan dungunsa ya gwada ƙafar, duk inda ta matse shi ne ya ji, shi ya gyara. Sharma kuma tare da likitan ƙashi P. K. Sethi ya yi aikinsa. Ƙirƙira a buɗe take ga kowa, amma ɗaura abin a jikin marar lafiya amana ce, kuma mai riƙe amana ya kamata a san inda za a kama shi idan ya ci ta.

Sai dai masu adawa sun yi gaskiya a wurare uku, kuma lasisin da bai saurare su ba bai cancanci a kare shi ba.

Na farko, ƙofa ɗaya ta isa. Wanda ya ci jarrabawar ƙasa, jiha ta karɓe shi ba tare da sabon wahalarwa ba, wanda kuma ke da lasisi mai tsabta a wata jiha a bar shi ya tsallako. Nas-nas sun yi irin wannan yarjejeniya tsakanin jihohi tun shekarar 2000, Arizona kuma ta yi doka a 2019 ta amincewa da lasisin wasu jihohi ga wanda ya dawo cikinta da zama. Dungun mutumin Oklahoma da na mutumin Texas halitta ɗaya ce.

Na biyu, kada a bar 'yan sana'ar su kaɗai a kan kujerun hukuma. A sa likita, a sa mutanen gari, kuma lallai a sa waɗanda ke tafiya da ƙafar roba, domin su ne aka ce don su aka yi dokar. Kuma a taƙaita lasisin ga aikin da ake ƙera wa mutum na musamman. Abin ɗaure gwiwa da ake ɗauka a kan kanta bai kai a nemi digiri na biyu a kansa ba.

Na uku, kuɗin ya zama daidai da aikin da aka yi da shi. Ƙaramar sana'a ta shiga ƙarƙashin babbar inuwa a raba nauyi, a sassauta wa sabon shiga da mai aiki a karkara, kuma duk shekara hukuma ta buga wa jama'a koke nawa ta karɓa, nawa ta bincika, wa ta hukunta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi kuɗin lasisi ta ɗauki alkawarin tsaron majiyyaci, in ba ta tsare shi ba ta ci haram.

Mu ma abin ya shafe mu

Tantance mai sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin aska da sarkin maƙera da sarkin pawa sun daɗe suna sanin wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba, kuma wurinsu ake kai ƙarar ɗan sana'ar da ya yi ɓarna. Mun kuma san abin da ke faruwa idan babu mai tsawatarwa. Akwai masu ɗori na gado da suka san aikinsu, suka san karayar da ta fi ƙarfinsu su tura asibiti. Akwai kuma wanda zai ɗaure hannun yaro tamau da karare har jini ya daina gudu, hannun ya yi baƙi, a ƙare a ɗakin tiyata. Ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, sun sha ganin irin wannan.

Najeriya tana da hukumar tarayya da aka kafa a 1988 don rajistar masu gashin ƙashi da sauran masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi, har da masu haɗa gaɓar roba, don haka matsalar tsallaka iyakar jiha ba tamu ba ce. Tamu ita ce ƙaranci. Haɗarin mota da babur, da ciwon suga, da rikicin arewa maso gabas, sun bar mana dubban masu buƙata, masu aikin kuwa 'yan ƙalilan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya mutum ɗaya ne cikin goma masu buƙatar irin waɗannan kayan taimako ke samun su. Inda lamarin yake haka, kuɗin lasisi mai nauyi zai kori 'yan kaɗan ɗin da ake da su, rashin sa ido kuma zai bar talaka a hannun duk wanda ya iya narka roba. Darasin da za mu ɗauka daga Amurka shi ne a tsaurara wajen tantance hannu, a sassauta wajen karɓar kuɗi.

Makonni bayan zubin filastar nan, mutumin da ya zauna a benci zai dawo. Za a sa masa safa, a zura dungun a kwanso, ya kama ƙarafa biyu da ke gefe da gefe ya miƙe. Mai sana'ar zai koma can ƙarshen ƙarafan ya tsuguna, idonsa a kan ƙugu da gwiwa, ɗan makulli a hannunsa. Mutumin ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, a tsayar da shi a juya wani ƙaramin noti, a ce ya sake. A wannan lokacin bai san dokar jiharsa ba, bai san nawa aka biya aka sabunta takardar da ke rataye a bango ba. Ya dai saki nauyinsa gaba ɗaya a kan aikin hannun wani, bisa yarda. Haƙƙinsa ne a kan hukuma ta tabbatar wannan hannun ya ƙware, kuma kada tsadar takarda ta sa ya zo ranar gyara ya tarar da shagon a rufe.